Tabon Lamba Da Katin Korona

A damtsena na hagu akwai wani tabo kewayayye, girmansa bai wuce na sisi ba, wanda duk ɗan Arewa da ya manyanta ya san irinsa. Tabon lamba ne, watau rigakafin agana. Ina aji uku a makarantar firamare ta ƙauyenmu a ƙasar Kano sa'ad da ma'aikatan lafiya suka zo cikin mota, aka tara mu a ƙofar gidan dagaci, aka riƙa ɗora mana wata 'yar bindiga a hannu, mai ita yana taka ta da ƙafa. Wannan yana cikin yaƙi da agana da aka soma a Afirka ta Yamma a 1967. A shekarar 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, kana a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare a bayan ƙasa. Tun daga ranar nan ta ƙofar gidan dagaci ba wanda ya sake kirana a kan agana.

Abin da ya sa na fara da wannan tabo shi ne, shi ya ja ni na yi wa jama'a alkawarin da ban iya cikawa ba.

Na sauka Ikko a ƙarshen shekarun 1970, na fara zama a Agege wurin yayana mai fataucin goro, daga bisani muka koma Sabo a Ikorodu, inda muke har yau. Da yake na ɗan taɓa boko, sai na zama magatakardan jama'armu. Ni ke karanta takardar ƙaramar hukuma in ta zo, ni ke cika wa mutane takardun banki da na makaranta, ni ke yin tafinta in magana ta haɗa mu da masu gari. Mai irin wannan aiki ba shi da wani jari sai maganarsa. In ya ce takarda ta ce kaza, to, dattijon da bai iya boko ba a kan haka zai sa hannu.

Mai karatu zai tuna ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasar nan, wani ɗan Italiya, nan Ikko, aka kwantar da shi a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kulle Ikko da Ogun da Abuja. A Sabo, inda mafi yawan mutane sai sun fita suke ci, 'yan acaba da 'yan garuwa da masu dako a kasuwar Mile 12, yunwa aka fi jin tsoro, cutar kuwa aka ce ta manya ce, ta masu hawa jirgin sama. Rasuwar Malam Abba Kyari ran 17 ga Afrilu, Allah ya ji ƙansa, sai ta daɗa ƙarfafa masu wannan magana. Amma a cikin watan nan ne wayoyinmu suka fara kuka da asuba daga Kano. Yau a ce malam wane ya rasu, jibi a ce alhaji wane, dattawa kusan dukkansu, ga hanya a rufe, ba halin zuwa jana'iza, sai ta'aziyya ta waya. Ni dai daga lokacin na daina ce mata cutar manya.

Saboda haka da labarin allura ya zo, na karɓe shi hannu bibbiyu. Ran 8 ga Disamba, 2020, aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90, Margaret Keenan, allurar kamfanin Pfizer a garin Coventry na Ingila. Mu tamu ba ta iso ba sai ran 2 ga Maris, 2021, lokacin da jirgi ya sauke allurar AstraZeneca kusan miliyan huɗu a Abuja, wadda aka sarrafa a Indiya, ƙarƙashin shirin COVAX na taimaka wa ƙasashe marasa ƙarfi. Ran 5 ga wata aka fara da Dokta Cyprian Ngong a Babban Asibitin Ƙasa, kashegari aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa a gaban masu ɗaukar hoto. Jihar Ikko ta sami kaso na 507,000. An fara da AstraZeneca ne a irin ƙasashenmu don, bayan arha, firijin da ake ajiye allurar yara ya ishe ta, alhali kuwa ta Pfizer a farkon fitowarta sai an ajiye ta cikin sanyin da ya kai awo 70 ƙasa da na ƙanƙara.

Wata Jumma'a cikin watan Maris ɗin nan manyanmu suka ce in yi wa jama'a bayani bayan an idar da salla. Na miƙe a ƙofar masallaci, na naɗe hannun riga, na nuna tabon nan, na ce, "Jama'a, kun ga wannan? Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ni da agana har abada. To, haka wannan allura take. Wanda aka yi wa sau biyu, shi da korona sun rabu." Haƙiƙa ba wanda ya gaya mini haka. Rediyo ta ce allura tana ba da kariya, ni kuwa na cike sauran da abin da na sani na lamba. Magana zarar bunu ce.

Cikin masu sauraro akwai wani abokin zamanmu mai sayar da goro, mutumin Fagge, mai ƙarancin magana. Ya ce, "Malam, ka manta da sanƙarau?" Ban manta ba, kuma ba Bakanon da ya manta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin zana na Kano, a kan yara 200, rabi aka ba su sabon magani, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka daidaita da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan miki yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, ni kuwa ban ga laifin mai gudun ba. Iyakar amsar da na ba shi ita ce, wadda ta zo mana ba ta wancan kamfani ba ce, kuma Shugaban Ƙasa ma an yi masa. Ya ce, "To, Malam, kai ka yarda. Ni ina kallo."

A ƙarshen watan na tasa yayana gaba, ga shi da ciwon sukari, shekara 70, muka je ɗakin shan magani na ƙaramar hukuma, mu goma sha wani abu. Aka yi mana, aka ba mu kati. Da tsakar dare sai ga uwargidansa tana buga mini ƙofa, tana cewa, "Malam, fito ka ga abin da ka jawo wa yayanka!" Na tarar da shi a ƙudundune cikin bargo yana rawar sanyi, ni kaina ga ciwon kai, ga damtse ya yi tsami. Nan take na kira 'yata, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Kaduna. Bayanin da ta yi mini a daren nan, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ya kamata a ce na nema tun kafin in buɗe baki a ƙofar masallaci.

Ta ce, "Baba, ka san ƙarangiya?" Ƙwayar cutar korona haka siffarta take, 'yar dunƙule ce kewaye da ƙayoyi, shi ya sa ma aka kira ta korona, watau kambi a harshen Latin. Da waɗannan ƙayoyi take maƙalewa a jikin ƙwayoyin halitta na cikin hanci da maƙogwaro da huhu, ta kutsa ciki, ta mai da su masana'antar buga irinta. Ita allura ba ta ɗauke da ƙwayar korona mai rai. Abin da ke cikinta umurni ne a rubuce, na yadda za a ƙera ƙayar kaɗai. A cikin ta AstraZeneca, an ɗauko wata ƙwayar mura da ke kama birai, aka cire mata ikon hayayyafa, aka mai da ita ɗan aike mai kai takarda. A cikin ta Pfizer da ta Moderna kuwa ba ɗan aike, saƙon ne tsagwaronsa, wanda masana ke kira mRNA, aka naɗe shi cikin ɗigon maiƙo, jiki ya karanta, sa'an nan ya narkar da shi cikin 'yan kwanaki. Ko ta wace hanya saƙon ya shiga, naman damtse zai ƙera ƙayoyin nan na ɗan lokaci, masu gadin jiki su gan su, su ce wannan baƙo ne, su yi gangami. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kumburin kaluluwar hammata duk hayaniyar gangamin ce. Ta ce mu sha farasitamol mu kwanta. Kafin kwana biyu Yaya ya koma rumfarsa.

Na tambaye ta yadda aka yi abin da kan ɗauki shekara goma ya samu cikin shekara guda, don wannan tambaya ta fi kowace yawa a bakin mutane. Ashe ba daga sama aka fara ba. An daɗe ana nazarin ƙayar dangin korona tun ɓarkewar SARS a 2003 da MERS a 2012, kuma dabarar mRNA aikin shekaru ne na irin su Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda aka ba lambar Nobel a 2023. Abin da ya ƙaru a 2020 shi ne kuɗi, da kuma yawan masu ciwo, wanda ya sa gwaji ya ba da amsa da wuri.

Samarin unguwa sun ɗan yi nishaɗi da ni a makonnin nan. Aka ce wanda aka yi wa allura ƙarfe yana manne masa, har wani ya zo da cokali ya ɗora mini a damtse, cokali ya faɗi ƙasa, aka yi dariya. Amma ba dukkan abin da aka ji ne ƙarya ba. Gaskiya ne cewa a watan Maris ɗin ƙasashen Turai da yawa sun ɗan dakatar da AstraZeneca saboda wata irin daskarewar jini da aka gani, kuma bincike ya tabbatar tana faruwa, ko da yake ga mutane ƙalilan ƙwarai cikin dubban ɗaruruwa, mafi yawa masu ƙananan shekaru. Ra'ayina shi ne da hukuma ta faɗi wannan da bakinta tun da wuri da Hausa, da ya fi a bar mutane su tsince shi a WhatsApp da ƙarin gishiri.

Wani abin takaici shi ne, waɗanda maganata ta ciwo kansu daga baya sun je sun tarar babu. Annoba ta yi tsanani a Indiya a watan Afrilu, ta hana fitar da allura waje, aka ce a riƙe abin da ya rage don masu jiran ta biyu. Mu mun sami ta biyu a watan Yuni. Sababbin shiga da yawa sai da suka jira watan Agusta, da Amurka ta aiko da Moderna miliyan huɗu, Johnson & Johnson kuma ta fara isowa ta hannun Tarayyar Afirka. Bayan wannan jira, ran 22 ga Disamba, 2021, sai ga hukumar da Dokta Faisal Shuaib ke shugabanta a lokacin tana murƙushe allura fiye da miliyan ɗaya a juji a Abuja, don masu kyauta sun aiko da ita ne wa'adinta na gab da ƙarewa. Kyautar da aka ba ka ran da za ta lalace, ka yi godiya dai don kunya.

A cikin wannan watan na Disamba ne aka kama ni da maganata. A ƙarshen Nuwamba masana a Afirka ta Kudu suka ba da labarin sabon nau'in korona da aka sa wa suna Omicron, kafin ka ce kwabo ya cika Ikko. Ni da Yaya muka kwanta lokaci guda, maƙogwaro kamar an zuba barkono, ga tari, ga kasala. 'Yata ta zo hutu, ta matsa sai an gwada mu. Aka gwada, aka ce ita ce. Labari ba ya kwana a Sabo. Kwana na uku sai ga mutumin Fagge ya zo dubiya, ya tsaya daga bakin zaure, ya yi mini sannu, ya yi addu'a, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe ba ku rabu ba." Ciwon jiki bai kai mini wannan ba.

Na juya kan yarinyar nan da faɗa, kamar ita ta yi allurar. Ta bari na gama, ta ce, "Baba, allura ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka ɗora mata abin da ba ta ce ba." Ta ce in dubi kashi 95 cikin 100 da aka yi ta yayatawa a kan ta Pfizer. An gwada ta a kan mutum fiye da 43,000, rabi allurar gaske, rabi ruwan gishiri. Mutum 170 suka kamu, 162 daga masu ruwan gishiri, 8 daga masu allura. Lissafi daidai ne, amma kimanin wata biyu aka bi mutanen bayan allura ta biyu kafin a ba da wannan sakamako. A lokacin da na tsaya a ƙofar masallaci, ba mahalukin da ya san abin da zai faru bayan shekara guda, don ba a yi shekarar ba tukuna.

Abin da aka gano daga baya shi ne, garkuwar jiki hawa biyu ce. Hawa na farko su ne waɗansu ƙananan makamai da ke yawo cikin jini, antibodi, waɗanda ke cafke ƙaya kafin ta maƙale. Suna cika maƙil 'yan makonni bayan allura, sa'an nan su riƙa raguwa wata bayan wata, kamar yadda gangami kan watse in ƙura ta lafa. Hawa na biyu su ne ƙwayoyin jini masu hadda. Waɗansu, da ake kira B, suna riƙe da siffar ƙayar a ka, in ta dawo su sake ƙera makamai, har akwai masu tarewa cikin ɓargo su yi ta ƙerawa kaɗan-kaɗan. Waɗansu kuma, da ake kira T, aikinsu su nemo ƙwayoyin halittar da cuta ta riga ta shiga su hallaka su. Masu hadda suna daɗewa ƙwarai. A Singafo, a 2020, an sami irinsu a jinin mutanen da suka yi SARS shekara 17 da suka wuce. Sai dai kafin su tashi su yi shiri akan ɗauki kwanaki, ita kuwa Omicron kwana biyu zuwa uku ya ishe ta ta cika hanci. Ga shi kuma ta sauya kama, don a jikin ƙayarta kaɗai an ƙirga canji fiye da 30, har tsofaffin makamai ba su cafke ta sosai. Don haka takan shiga ta sa mura da zazzaɓi, amma kafin ta gangara huhu ta yi ɓarna masu hadda sun iso. Allura ta uku, wadda aka fara yi a ƙasar nan a Disamban 2021, tishi ce, ba sabon karatu ba.

Na ce to, ƙyanda fa, da shawara? Ta ce waɗannan ba su iya sauya kama irin haka, kuma ƙyanda takan yi kwana goma ko fiye tana bin jiki kafin ta bayyana, masu hadda suna da isasshen lokaci. Shi ya sa allurar ƙyanda biyu kan riƙe mutum, kuma tun 2016 katin shawara na matafiya ya zama na tsawon rai. Sa'an nan ta ƙara da abin da ya ƙarasa kashe mini baki. Ta ce ko lambar da nake taƙama da ita, a zamanin da agana take, matafiyi sai ya sabunta ta kowace shekara uku. Abin da ya sa ba a sake kirana ba shi ne an kashe cutar a duniya, ba wai don damtsena ya fi ƙarfinta har abada ba.

Yaya ya yi kwana goma yana tari, ya rame, amma bai kwana asibiti ba, bai nemi iskar numfashi ba. Ba zan rantse cewa allura ce ta tsame shi ba, don rai na Allah ne, kuma Omicron ta fi waɗanda suka gabace ta sauƙi, ga shi binciken da hukumar NCDC ta yi a ƙarshen 2020 ya nuna kimanin mutum 23 cikin 100 a Ikko sun riga sun kamu, da yawa ba su sani ba, mai yiwuwa ma har da mu. Amma dattijo mai shekara 70 da ciwon sukari shi ne ainihin irin wanda muka yi ta karɓar ta'aziyyarsa a Afrilun 2020, kuma ƙididdigar asibitoci a ƙasashe da yawa ta nuna kariya daga ciwo mai tsanani tana daɗewa fiye da kariya daga kamuwa.

Da na warke na roƙi izini, na sake miƙewa a ƙofar masallacin nan. Na ce, "Jama'a, na gaya muku abin da ban sani ba, ku yafe mini. Allurar nan ba lamba ba ce. Tana rage wa mutum haɗarin kwanciya asibiti da mutuwa, ba ta hana shi kamuwa, kuma ƙarfinta yana raguwa, tsofaffi da masu ciwo suna bukatar ƙari." Waɗansu suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, waɗansu suka sa takalmansu suka wuce. Na kuwa biya kuɗin wannan kuskure. A 2023, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu, cutar mashaƙo ta addabi yara a Kano har ta taɓa Ikko. Na bi gida-gida ina roƙon iyaye su kai 'ya'yansu rigakafi, sai wani saurayi mai 'ya'ya biyu ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ma har abada ce?" Sai da na koma gidansa sau uku.

Shi kuwa mutumin Fagge, a 2022 Allah ya kira shi aikin Hajji, shekarar farko da Saudiyya ta sake buɗe wa baƙi ƙofa bayan shekara biyu, bisa sharaɗin kada maniyyaci ya haura shekara 65, kuma sai da katin allurar korona. Da ƙyar ya tsallake sharaɗin shekaru. Wata safiya ya yi mini sallama ya ce, "Malam, tashi ka raka ni." Muna zaune a kan benci muna jiran layi, ya ciro goro ya ɓara ya miƙo mini rabi, ya ce, "To, yau me za ka ce mini?" Na ce, "Alhaji, za ka yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu. In ciwon ya same ka a can cikin taro, ana sa ran zai zo da sauƙi. Iyakar abin da na sani ke nan." Ya ɗan yi shiru yana tauna, sa'an nan ya ce, "Da haka ka faɗa tun farko." Aka kira lambarsa, ya miƙe ya naɗe hannun riga, sai na ga a damtsensa na hagu akwai tabo irin nawa.